Masu Ɗaura Mita: Sana'ar Awon Wutar Lantarki a Abuja

A bayan kowane babban otal na Wuse ko Maitama, da kowace masana'anta ta Idu, akwai wani akwatin ƙarfe da aka garƙame aka buga masa hatimi. A cikinsa za ka tarar da zobba uku, kebul mai kauri ya ratsa ta tsakiyar kowanne. Zobban nan, waɗanda ma'aikata ke kira CT, su ke shaida wa mita yawan wutar da aka sha. Mai zaɓen su, ya ɗaura, ya gwada, shi ne mai sana'ar da muka leƙa a yau.

Mitar gida ta kati ba ta buƙatar zobe a waje. Wutar gidan gaba ɗaya ta cikinta take bi, domin irinta na iya ɗaukar abin da bai wuce amfiya 100 ba. Amma inda ake kunna manyan injina da na'urorin sanyaya ɗaki barkatai, wutar kan kai amfiya 400 ko fiye, kuma babu mitar da za ta haɗiye wannan ba ta ƙone ba. A nan zoben yake shigowa. Ƙarfe ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Idan wuta ta bi ta kebul, sai ta haifar da maganaɗisu a jikin ƙarfen, shi kuma ya tayar da 'yar ƙaramar wuta a cikin naɗin. Wannan hikima ta samo asali ne daga binciken Michael Faraday na Ingila a 1831. Zoben da aka rubuta wa 400/5, idan amfiya 400 ta ratsa shi, amfiya 5 zai miƙa wa mita, sai a ninka abin da ta karanta sau 80.

A wannan lissafi amanar sana'ar take. A ce zoben 400/5 ne, amma aka saita mita a kan 200/5, rabin kuɗi kawai za a riƙa biya. In aka yi akasin haka, mai masana'anta zai biya ninki biyu, wata da watanni, yana zargin injinansa. Zoben kuma yana da gaba da baya: P1 ke fuskantar inda wuta ta fito, P2 inda za ta. Idan aka juya ɗaya cikin ukun, mita na iya nuna kashi ɗaya cikin uku na abin da aka sha. Kuskure na jawo haka, son zuciya ma na jawowa. Mai ɗaura mita da mai awon hatsi a kasuwa hukuncinsu ɗaya: wanda ya tauye mudu ya ci haƙƙi, ko na kamfani ko na mai saye.

Darasin farko da maigida ke koya wa yaronsa kuwa na tsira da rai ne. Ba a kwance wayoyin zobe daga mita alhali wuta na bin kebul. In aka bar bakinsu a buɗe, ƙarfin wutar da ke tsakaninsu kan yi tashin da zai iya kai dubban bolt, ya ƙona zoben ko ya hallaka mutum. Sai an fara haɗe bakunan biyu, S1 da S2, kafin a taɓa komai. Za ka ji maigida na nanatawa: "Kai yaro, ka haɗe bakin wayar tukuna?" Amsar da yake so ita ce, "Na haɗe, maigida," kuma ko an ba shi ita sai ya duba da idonsa.

Kayan aikin ba su da yawa: safar hannu ta roba, takalmi mai kariya, sukuddireba mai rufi, da na'urar awo mai baki kamar filaya, wadda ake maƙala wa waya ta faɗi amfiyar da ke gudu ba tare da an yanke ta ba. Ita ma zobe ce mai buɗewa. Da ita ake gwada abin da kebul ke ɗauke da shi da abin da mita ke nunawa. In sun saɓa, akwai magana.

Aikin bai tsaya a lissafin kuɗi ba. A manyan tashoshin kamfanin dakon wuta na TCN da ke Katampe da Gwagwalada, inda layukan kilobolt 330 ke sauka, akwai dogayen CT da ke sa ido a kan layi. Da zarar waya ta tsinke ko ta haɗu, su ke sanar da na'urar kariya ta katse wuta kafin taransifoma ta kama. Sola kuma ta buɗe sabuwar ƙofa. Wutar batir hanya ɗaya take bi, zobe ba ya jin ta, don haka ake auna ta da wata na'ura da aka gina a kan binciken Edwin Hall na Amurka a 1879. Wanda ya iya duka biyun ba ya rasa aiki.

Tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a Nuwamban 2013, AEDC ke kula da Abuja da jihohin Neja, Kogi da Nasarawa. Hukumar NERC ke shimfiɗa ƙa'idoji, hukumar NEMSA ke gwada mitoci ta kuma ba masu aikin wuta takardar shaida, cibiyar NAPTIN na horar da ma'aikata. Da aka ƙara wa masu amfani da wuta 'yan rukunin A kuɗin wuta a Afrilun 2024, kowane kuskuren awo ya ƙara tsada, darajar gwani ta ƙaru.

Matasanmu da ke Nyanya da Kubwa da Dei-Dei suna koyon jan waya a gidaje, kada ku tsaya a nan. Ku koyi lissafin zobe, ku nemi takardar shaida, ku riƙe gaskiya ko da an miƙo muku na goro don ku juya waya. Kai kuma mai masana'anta, ranar da za a ɗaura maka mita ka tsaya a wurin, ka karanta lambar da ke jikin zobe, ka tabbatar ita aka saita a mitar kafin a buga hatimi.