Raba Faifan SSD Gida Biyu: Riba Ko Wahala?

Masu gyaran kwamfuta sun saba raba faifan ajiya gida biyu kafin su ɗora Windows: ɗaya na manhaja, ɗaya na takardun mai kwamfutar. To, faifan SSD ba ya juyawa kamar na dā, don haka rabon ba ya ƙara masa sauri.

Babban amfaninsa shi ne, idan Windows ta lalace, a sake ɗora ta ba tare da an taɓa takardu ba. Sai dai Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana bukatar aƙalla gigabait 64, kuma ƙaruwa take yi. Ƙaramin faifai gara a bar shi gida ɗaya. In kuwa faifan ya mutu, gidajen biyu tare suke tafiya, sai fa abin da aka kwafe a waje.