Damo a Keji: Haƙurin da Ke Kashe Shi

 Shirinmu na yau a kan damo ne, sarkin haƙuri, amma damon da aka raba da daji.

Duk shekara ana kama dubban 'ya'yan damo a Ghana da Togo da Benin, a yi jigilarsu zuwa Amurka da Turai, inda ake kiwonsu a akwatin gilashi cikin ɗaki. Da yawa ba sa daɗewa, kuma babban dalili shi ne ƙarancin zafi da yawan ci.

Jikin damo ba ya ɗumama kansa kamar na akuya ko kaza. Sai ya fito ya sha hantsi kafin cikinsa ya iya narka abinci. Wanda ya taɓa taka ƙasa ba takalmi a watan Afrilu ya san irin wurin da damo ke kwanciya. Shi ya sa ƙwararrun masu kiwo ke haɗa ƙwayayen lantarki har wurin shan hantsin ya kai digiri 50 ko fiye a ma'aunin Salshiyas, ɗaya gefen kuma a bar shi wajen digiri 25, don dabbar ta zaɓa da kanta. In zafin ya gaza, abinci ya zauna a ciki ya ruɓe.

To, me yake ci a daji? Ƙadandoniya, gyare, fara, dodon koɗi, har kunama. Daniel Bennett, wanda ya yi nazarin damo a Ghana, ya tarar yawancin cimarsa ƙwari ne. Da damina yake ƙoshi, ya tara kitse a ciki da wutsiya. Rani na shigowa sai ya shige rami, ya yi watanni bai sa komai a baki ba, kitsen nan yake ci.

A keji kuwa babu rani. Ɓera ake miƙa masa mako bayan mako, yana kwance, ba farauta, ba tono. Shi kuma ba ya ƙin tayi. Kitse ya lulluɓe hanta. In babu ƙasa mai damshi da zai haƙa rami, jiki ya bushe, ƙoda ta gaji, gaɓoɓi su kumbura. Abin da ya fi taɓa ni, masu sauraro, mai shi kan ga ya yi ƙiba ya yi shiru, ya ɗauka sabo ne da jin daɗi. Alhali ciwo ne.

Mu ma nan yara kan kamo damo su ɗaure da igiya a bayan ɗaki, cikin inuwa. Iyaye, in kun ga haka, don Allah ku sa a kwance shi a mayar da shi daji.