Doguwar Tafiyar Ƙasa Cikin Tsaunuka ga Masu Cutar Parkinson

Cutar Parkinson, wadda wasu ke kira cutar makyarkyata ko karkarwar jiki, ciwon ƙwaƙwalwa ne da ke taɓa motsi, kuma tafiya na cikin abubuwan da take fara ɓatawa. Likitan Landan da ya fara bayyana ta a 1817, James Parkinson, da mutum shida ya kafa hujja, uku daga cikinsu kuwa a titi ya ci karo da su. Yanayin takunsu ne ya ja hankalinsa: sun ranƙwafa gaba, suna ɗan gajeren taku da sauri kamar ana tura su. Duk da haka, a yau akwai masu wannan cuta da ke rataya jaka su kwashe kwanaki, wasu ma makonni, suna ratsa tsaunuka da ƙafa, kuma likitoci da yawa na ƙarfafa musu gwiwa.

Tushen cutar shi ne mutuwar wasu ƙwayoyin halitta a can ƙasan ƙwaƙwalwa, waɗanda ke samar da sinadarin dofamin. Idan ya yi ƙaranci sai motsi ya yi nawa, gaɓɓai su sandare, hannu ya riƙa rawa ko da yana ajiye, daga baya kuma tsayuwa daram ta yi wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 masu cutar sun haura miliyan 8.5, kuma adadin ya ninka cikin shekara 25. Wanda ya ga Muhammad Ali yana kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996, hannunsa na hagu na karkarwa, ya ga ɗaya daga fuskokinta. Har yanzu ba ta da maganin warkewa, sai na sassauci.

Abin da cutar ta fi lalatawa shi ne motsin da jiki ke yi da kansa ba tare da an yi tunani ba. Mai lafiya yana tafe yana hira, bai san ta yadda ƙafarsa ke ɗagawa ba. Mai Parkinson kuwa takunsa kan gajarce, ya riƙa jan ƙafa, hannu ɗaya ya daina lilo. Wani lokaci ƙafafun su kafe ƙyam kamar an liƙe su da ƙasa, alhali gangar jiki ta riga ta yi gaba. Wannan kafewa ta fi aukuwa a bakin ƙofa, ko wurin juyawa, ko cikin cunkoso, kuma tana cikin manyan dalilan faɗuwa.

Nan ne hanyar dutse ke da wata fa'ida da ba a zata ba. An daɗe da lura cewa mutumin da ya kafe a tsakar ɗaki yana iya hawa matakala sumul, ko ya tsallake layukan da aka zana a ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Dalili shi ne idan ido ya ga inda za a ɗora ƙafa, ƙwaƙwalwa kan aika umarni ta wata hanyar da cutar ba ta ci sosai ba. Turbar dutse cike take da irin waɗannan alamomi: ga saiwa a tsallake, ga dutse a taka, ga rami a kauce. Kowane taku sai an yi shi da niyya. Sandunan tafiya guda biyu, ɗaya a kowane hannu, suna ƙara taimakawa, domin suna miƙar da baya, suna tilasta wa hannuwa yin lilo, ƙarar bugunsu a ƙasa kuma ta zama kamar kiɗan da ƙafa ke bi. Wasu matafiyan ƙirga suke yi a zuci, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Sai dai mai da hankali irin wannan yana da tsada. Gajiya kan zo da wuri, kuma hira ko waiwaye ana cikin tafiya na iya kayar da mutum, shi ya sa ƙa'idar ita ce wanda zai kalli shimfiɗar ƙasa ya tsaya tukuna.

Bincike ya goyi bayan motsa jiki mai ƙarfi. A wani gwaji da aka yi a Amurka mai suna SPARX, wanda aka wallafa a 2018, an bibiyi mutum 128 da ba su daɗe da gano cutar ba kuma ba su fara shan magani ba. Waɗanda suka yi wata shida suna atisaye mai tsanani a kan na'urar tafiya a wuri ɗaya, alamominsu kusan ba su ƙaru ba, na waɗanda ba su yi ba kuwa sun ƙaru. Wani gwajin a Nijmegen ta ƙasar Holan a 2019, da mutum 130, rabinsu na tuƙa keken motsa jiki a gida, ya nuna abu makamancin haka. A lura dai, a cikin ɗaki aka yi waɗannan gwaje-gwaje, kuma na 'yan watanni ne. Sun nuna amfanin sa zuciya ta yi aiki a kai a kai, ba su ce tafiyar mako ɗaya a tsauni za ta tsayar da cutar ba. Ribar ta fi yawa a watannin shirin da ake yi kafin a tashi.

Hanyoyin da ake bi sun bambanta. Zagayen tsaunin Mont Blanc, wanda ke ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan, kimanin kilomita 170 ne, kusan nisan Kano zuwa Katsina, amma hawa da gangara ne tun daga farko har ƙarshe, kuma yawanci kwana goma ko sha ɗaya ake yi. A jihar Washington ta Amurka akwai ƙungiyar Pass to Pass, wadda Bill Meyer, shi ma mai cutar, ya kafa a 2016. Tana fita da masu Parkinson na kwanaki a sassan turbar Pacific Crest, tare da mataimaka, kayan kuma a ɗora wa lama, wata dabbar Kudancin Amurka 'yar uwar raƙumi amma ƙarama kuma marar tozo. A 2011 wata tawaga da ta haɗa masu Parkinson da masu wata cutar jijiyoyi ta hau Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895. Ɗaya daga cikinsu, Nan Little ta birnin Seattle, wadda ta haura shekara 60 a lokacin, ta rubuta littafi daga baya, sunansa ma tambaya ce: in har ta iya hawa Kilimanjaro, me ya sa goge haƙora ke gagarar ta? Tambayar ta kama ainihin halin cutar, wadda kan bar babban motsi ta addabi ƙarami. Ɗaure igiyar takalmi, jan zif, buɗe gorar ruwa da yatsun da sanyi ya ƙara sandarar da su, su ne ke cinye safiyar matafiyi a zango.

Lokacin shan magani ne ke tsara tafiyar fiye da taswira. Babban maganin shi ne levodopa, wanda ya shiga hannun likitoci sosai a ƙarshen shekarun 1960, ana kuma haɗa shi da carbidopa ko benserazide. Bayan 'yan shekaru ana sha, ƙarfin kowace ƙwaya kan taƙaita zuwa awa uku ko huɗu. Masu cutar na kwatanta abin da kunna fitila da kashe ta: yanzu mutum na taku lafiya lau, an jima kaɗan jiki ya ƙi. Gogaggen matafiyi yakan sa ƙararrawar agogo, ya ajiye ƙwayoyin a aljihun gaba inda hannu zai kai, ya kuma lissafa tafiyarsa yadda wuri mai haɗari, kamar tsallake rafi ko bin gefen kwazazzabo, zai faɗo lokacin da maganin ke kan ganiyarsa. Abinci ma yana da nasa lissafin. Furotin na gogayya da levodopa a hanji, ga shi kuma guzurin masu hawan dutse yawanci busasshen nama ne irin kilishi, da gyaɗa da cuku. Saboda haka ake shan ƙwayar kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin cin abinci, wasu kuma su bar nama sai dare. Ana raba maganin gida biyu, rabi a jakar abokin tafiya, tare da ƙarin na kwanaki, domin yanke levodopa farat ɗaya na iya jawo zazzaɓi mai zafi da sandarewar jiki da kan kai ga halaka.

Gangara ta fi hawa haɗari. Jikin da dama can a ranƙwafe yake, ga nauyin jaka a baya, ga halin cutar na sa taku ya yi ta ƙara sauri, sai mutum ya kasa cin birki a kan tsakuwa. Bayan wannan akwai faɗuwar jini: da yawa daga masu cutar jininsu kan yi ƙasa idan sun miƙe tsaye, maganin ma na ƙara hakan, zafin rana da ƙishirwa kuma su tsananta shi. Wanda ya huta a kan dutse ya zabura ya miƙe, jiri na iya ɗibar sa nan take. Ƙarancin ruwa yana kuma ƙara taurin bayan gida, wanda shi ma ke jinkirta aikin magani. Da dare wasu kan yi ihu ko naushi cikin mafarki, abin da ya kamata abokin kwana a tanti ya sani tun a gida.

A tsaunuka masu tsayi ƙwarai iska kan yi ƙaranci, ta kawo ciwon kai da tashin zuciya. A nan akwai tarko: magungunan amai da aka saba bayarwa, irin su metoclopramide da prochlorperazine, suna toshe aikin dofamin, suna kuma iya dagula wa mai Parkinson jiki cikin sa'o'i. Ya kamata jagoran tawaga ya san da haka. Waɗanda aka dasa wa na'urar da ke aika lantarki cikin ƙwaƙwalwa suna da ƙarin abin lura, domin batirinta a ƙarƙashin fatar ƙirji yake, daidai inda igiyar jaka ke bi, wani nau'in kuma yana buƙatar caji.

Tafiyar ta fi dacewa da waɗanda cutar ba ta yi nisa a jikinsu ba. Wanda yake yawan faɗuwa, ko yake kafewa ko da magani na aiki, ko ya fara ruɗewa da ganin abin da babu, turbar dutse ba wurinsa ba ne, tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tare da ɗan rakiya ta fi masa. Sauran kuwa sukan fara da ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, a duba zuciya da hawa da saukar jini, sannan su yi watanni suna ƙara nisa kaɗan-kaɗan, da takalmin da jakar da za su yi tafiyar da su. A kan turba ana rage zangon yini, ana ware ranakun hutu, ana kuma sanin kowace mafita zuwa titin mota tun kafin a tashi. Ba a yin wannan tafiya mutum shi kaɗai.