Burodin Jiya Ba Na Zubarwa Ba Ne

Kusan kowane gida da kowane ɗakin kwanan ɗalibai ya san wannan matsala. An sayi burodi, an ci rabi, sauran ya kwana biyu ya yi tauri, kowa ya ɗauka sai ya ajiye. Daga ƙarshe kaji ne ke samu. To, akwai wani abinci da aka ƙirƙiro musamman saboda irin wannan burodi. Masu jin Turanci suna ce masa "French toast", wato gasasshen burodin Faransa, ko da yake soya shi ake yi. Faransawa kansu suna kiransa "pain perdu", ma'ana burodin da ya ɓace, domin da ba a yi masa wannan dabara ba da ya tafi juji. A nan muna so mu bayyana yadda ake yinsa, da yadda ake jera shi a tire guda mutane da yawa su ci tare.

Sunan yana ruɗi, don abincin ya girmi ƙasar Faransa. A cikin wani littafin girke-girke na Romawa mai ɗauke da sunan Apicius, wanda aka harhaɗa wajen ƙarni na 4 ko na 5, an nuna yadda za a gutsuttsura farin burodi, a jiƙa a madara, a soya da mai, a zuba zuma a kai. Ba a ambaci ƙwai ba; daga baya ya shigo. Jamusawa suna kiransa da wani suna mai ban dariya, wato "barade matalauta". A Sifen sunansa "torrijas", kuma lokacin azumin kwana 40 da makon da ke kafin Ista aka fi cinsa. A Fotugal da Barazil kuwa abincin Kirsimeti ne. Ko'ina muka duba, tushensa ɗaya: mutanen da ba su yarda a yi asarar burodi ba.

Me ya sa sai tsohon burodi? Sabon burodi cike yake da laima, yana da laushi ƙwarai. In aka tsoma shi cikin ruwan ƙwai da madara sai ya narke ya zama kamar fate, ba ya ma ɗaukuwa zuwa kasko. Wanda ya kwana ɗaya ko biyu kuwa sitacin da ke cikinsa ya sake ƙanƙamewa, ya kuma rasa wani ɓangare na ruwansa. Saboda haka yana shan haɗin kamar soso ba tare da ya wargaje ba. Da ya ji zafin kasko, sitacin ya sake sakewa, ƙwan da ya shiga ciki kuma ya daskare, gama ƙwai yana fara kamawa tun daga zafin digiri 60 zuwa 70 a ma'aunin Salshiyos. Shi ke nan an sami ciki mai laushi da baya mai ƙaras-ƙaras. Amma a lura, tauri daban, funfuna daban. Burodin da ya yi funfuna ba ya gyaruwa, ko da an yanke wurin da ta fito, don saiwoyinta sun riga sun ratsa ciki inda ido ba ya gani. Wannan kam a zubar.

Ga abin da ake bukata domin yanka 8: ƙwai 4, madara kofi 1, sukari babban cokali 1, gishiri ɗan kaɗan, da garin kirfa rabin ƙaramin cokali. Mai son gyaɗar ƙamshi ya ɗan kankara a ciki. In madarar gari ce, a dama ta da ruwa tukuna. Burodin da muke saye a kasuwanninmu yawanci yana da zaƙi tun daga gidan burodi, don haka ba laifi a rage sukarin ko a bar shi gaba ɗaya. Mun fi son burodin da ba a yanka ba, domin mutum ya yanka da kansa da kaurin kamar santimita 2. Yankan inji sirara ne, da wuya ya jure.

A kaɗa ƙwan sosai har farin da gwaiduwar su haɗe, sa'an nan a zuba sauran kayan. Wanda ya yi ƙyuya a nan zai ga farin ƙwai ya soyu daban a gefen burodin, kamar na mai shayi. A zuba haɗin a faranti mai ɗan zurfi, a kwantar da kowane yanka kamar daƙiƙa 20 zuwa 30, a juya, a ɗaga ya tsane. Burodin da ya bushe ƙwarai yana iya ɗaukar minti guda.

Wurin wuta ne mutane da yawa ke faɗuwa. Wuta mai ƙarfi tana ƙone sukarin da ke baya tun ciki bai nuna ba, sai a sami baƙin burodi mai ɗanyen ƙwai a tsakiya. Matsakaiciyar wuta ake so, minti 2 zuwa 3 kowane gefe, har ya yi ja kamar ƙosai mai kyau. Bota tana ba shi ɗanɗano amma tana saurin ƙonewa, saboda haka a haɗa ta da ɗan man gyaɗa. Shafa kawai za a yi wa kaskon, ba tsamo burodin za a yi cikin mai ba. Bayan kowane zubi a goge kaskon, in ba haka ba baƙin na farko zai bi na biyu. Wanda aka kwashe kada a tara shi ɗaya bisa ɗaya a rufe, tururi zai lalata shi. A shimfiɗa su a kan raga kusa da murhu, ko cikin obin mai ɗan ɗumi.

Sai maganar tire. A ƙasashen Turai da Amurka wannan abinci yana cikin na hantsi, wanda suke kira "brunch", wato karin kumallo da abincin rana a haɗe. Wani marubuci ɗan Ingila, Guy Beringer, ya yi rubutu a 1895 yana roƙon a karɓi wannan al'ada ta ranar Lahadi. A 'yan shekarun nan kuma sai aka shiga yayin jera abincin a kan babban katako a tsakiyar tebur, kowa ya miƙa hannu ya ɗauki abin da yake so. A wurinsu sabon salo ne. Mu da muka tashi muna kewaye kwano ɗaya, ba sai an koya mana ba. Ba lallai sai katako ba. Babban tiren da ake kai wa baƙi abinci ya isa.

A raba kowane yanka biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, a jera su a tsakiyar tiren suna jingine da juna. Duk abin da ke da ruwa a sa shi a ƙaramin kwano da cokalinsa, kada ya taɓa burodin sai mai ci ya zuba da kansa. A Kanada da Amurka abin da suka fi zubawa shi ne ruwan zaƙin itacen mapul, wanda yawancinsa daga lardin Kebek yake fitowa. Sai an tafasa wajen lita 40 na ruwan itacen kafin a sami lita 1, shi ya sa yake da tsada. Ba mu ga dalilin nemansa ba alhali ga zuma, wadda ita ce ma Romawa suka yi amfani da ita. Kwano na biyu a sa kindirmo, don tsaminsa yana karya zaƙi. Na uku tunkuza da aka sassauta da ɗan ruwan ɗumi ko zuma.

Sauran filin na 'ya'yan itace ne, gwargwadon abin da ke kasuwa: mangwaro a bazara, gwanda, abarba, ayaba. Ayaba tana baƙi da zarar an yanka ta, sai a bar ta ƙarshe a matsa mata lemun tsami. Kankana mun fi so a kawo ta daban, ruwanta yana gudu ko'ina. A cike 'yan guraben da soyayyar gyaɗa, kankararriyar kwakwa da yankakken dabino. A ra'ayinmu tiren da komai nasa zaƙi ne yana gundura tun kafin a kai rabi, don haka a ajiye wani abu mai gishiri a gefe guda, ko dafaffen ƙwai ko 'yar tsire. Kaya biyar ko shida sun wadatar. In sun wuce haka burodin ya ɓace a cikinsu, kuma rabi zai koma kicin.

Domin mutum 10 a lissafa yanka 2 kowa, wato yanka 20, ƙwai 10, madara kofi biyu da rabi. A gama wanke 'ya'yan itace da jera kwanuka kafin a ɗora kasko, domin burodin ya iso da zafinsa. Sauran haɗin ƙwai da ya rage kada a ajiye shi zuwa gobe. In akwai jarirai a wurin, ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba zuma, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da cikinsa bai iya yaƙa ba tukuna. A kuma tambaya ko akwai wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba, in akwai a sa tunkuza da gyaɗar a wani faranti nesa da tiren, da cokalinsu daban.