Sayen Itacen Gashi: Jan Kunne Ga Masu Tukuba

Jama'a masu tsire da balangu da kilishi na Tsaskiya, da na Safana da Batsari, kun san bayan kuɗin dabba itace na cikin abubuwan da suka fi cin ribar tukuba. Da can ba a damu da shi ba, don Dajin Rugu ga shi nan kusa. To, rashin tsaro ya sa shiga dajin ya zama kasada. A ƙarshen Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Batsari da Safana. A watan Mayu 2023 kuma aka janye tallafin man fetur, kuɗin dako ya tashi. Saboda haka wajibi ne mai gashi ya san abin da yake saye.

Abin da mai tukuba ke biya wa kuɗi shi ne garwashi. Ga misali. Dami na naira 1,000 ya kai ka har tashin kasuwa. Wani kuma na naira 700, ya fi shi girma a ido, amma sai ka ƙona biyu. Ka ga ke nan mai arahar ya ci maka 1,400. Araha ba ta ado.

Na farko, a duba irin itacen. Marke da ƙirya da kanya da tsamiya da bagaruwa masu nauyi ne, suna ci a hankali, garwashinsu na daɗewa. Shi ya sa maƙera ke neman gawayin ƙirya. Sabara da geza da kalgo sun yi kyau wajen hura wuta, amma nan da nan sai toka. Rimi da kuka kuwa holoƙo ne, kada a ɓata kuɗi a kansu.

Na biyu, a duba bushewa. Itacen da aka sara yau, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Wutar da ya kamata ta gasa nama sai ta ƙare wajen ƙone wannan ruwa, hayaƙi ya turnuƙe, nama ya yi baƙi ya yi ɗaci. Ka ɗauki faskare biyu ka gwara su. Busasshe zai yi ƙara tas, ɗanye kuwa sai ka ji dif. Busasshe bakinsa ya tsattsage, ɓawonsa na saki. In ka ga gari na zuba daga ƙananan ramuka, ƙwaro ya riga ka ci.

Na uku, a kwance dami kafin a biya. Wani mai sayarwa kan jera faskare masu kyau a waje, ya cusa ƙirare a ciki. Mai gaskiya ba zai hana ka dubawa ba.

Akwai itacen da ko kyauta aka ba ka kada ya kusanci nama: katako mai fenti ko wanda aka shafa wa maganin gara, da aguwa da tinya da tumfafiya masu farin ruwa. Kada kuma a hura wuta da roba ko leda. Hayaƙinsu na kama nama ya cuci mai ci, kuma mai saye in ya ji wari sau ɗaya ba ya dawowa.

Har ila yau, kowane gashi da irin wutarsa. Tsire da balangu garwashi mai ƙarfi suke so, harshen wuta ƙona su yake. Kilishi rana ce ke busar da shi, wuta kaɗan ta ishe shi. Banda ita ce mai son wuta ƙasa-ƙasa da hayaƙi na tsawon lokaci, gungume ɗaya na marke ya fi mata tulin ƙirare.

Lokacin saye shi ne rani, kafin ruwan farko, don da damina ta sauka busasshen itace sai ya yi wuya, hanya ta lalace, masu sara su koma gona. Mahauta biyu ko uku su haɗa kuɗi su sayi amalanke guda ya fi sayen dami kullum. A jera shi bisa duwatsu saboda gara, a rufe samansa, a bar gefe iska na shiga.

Allah ya ba da kasuwa.