Kwalba Tana Komawa, Roba Tana Kwana A Kwata

Duk wanda ya bi hanyar Zariya ya tsaya a Kwanar Dangora ta ƙasar Kiru, in ya dubi bakin titi zai ga gorunan roba da ledojin ruwa birjik. Amma da wuya ya ga kwalbar lemo ko guda a yashe. Mun ga ya kamata mu yi wa masu karatu bayanin dalilin wannan, musamman malaman makaranta da akawunan hukuma, domin tsabtar gari a wuyansu ta ke.

Tun da kamfanin Nigerian Bottling Company ya soma ɗura Coca-Cola a Ikko cikin 1953, lemon kaɗai a ke sayarwa, kwalbar ta kamfani ce. Mai kanti ba ya samun sabon kiret sai ya kawo na wofi. Saboda haka shi kuma ba ya barin ka fita da kwalba sai ka kawo wata a madadinta, ko ka ajiye kuɗin jingina, ran da ka maido ka karɓi abinka. Ba ɗan sanda, ba duba-gari, ba tara. Kwalba ɗaya ta kan je Kano a wanke ta, ta dawo Bebeji ko Tudun Wada sau da yawa kafin ta fashe. Wadda ta ɓata hanya kuwa, mai man gyaɗa na jiranta, har ma ta zama ma'auni a kasuwa.

Da gorar roba ta shigo sai aka daina jingina. Lalle masu zoɓo da kunun aya su kan sayi waɗansu, 'yan jari-bola kuma su kan tsince su sayar a kan sikeli, amma abin da a ke biya bai kai a yi tattaki dominsa ba. Ledar ruwa ita ko mai waiwayarta babu. Damina na sauka ruwa ya kwashe su. Kogin Kano kuwa ta dajin Falgore ya ke ratsowa, daga wajen Doguwa, ya zuba a madatsar Tiga wadda aka gama cikin 1974, kuma da ruwan nan a ke noman rani a Kadawa da Kura. Makiyaya da mahauta sun san abin da leda ke yi a tumbin saniya.

Waɗansu ƙasashe sun mai da jinginar nan doka. Jihar Oregon ta Amurka ta yi tata cikin 1971. Jamus ta ɗora wa gwangwani da roba jingina cikin 2003, santi 25 kowace ɗaya, yanzu fiye da 95 cikin 100 suna komawa. Lituwaniya ta fara cikin 2016, da abin da a ke tarawa wajen sulusi ne, cikin shekara biyu ya haura 90 cikin 100.

To, amma kada a ɗauka doka kaɗai ke yin aikin. Abu biyu ne a ganinmu: kuɗin ya kai abin da mutum zai ji zafin bari, wurin mayarwa kuma ya zama kusa. Can Turai inji ne a bakin kanti. Mu nan ba ma bukatar inji, gama motar da ta kai kaya Riruwai da sarari ta ke dawowa, mai kanti kuma ya daɗe da iya lissafin kwalba. Abin tambaya shi ne wa zai riƙe kuɗin jinginar, wa kuma zai biya mai kanti ladan ajiya, domin buhun roba wuri ya ke ci a shago, kuma ba mai yi wa kamfani gadi kyauta.