Yatsa, Guduma da Lantarki: Yadda Ake Zaɓen Fiyanon Zamani

A ƙasar Hausa, da an ce "fiyano", abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne akwatin nan mai madannai farare da baƙaƙe da ake kiɗan waƙoƙin finafinai da shi. Amma ɗalibin da ya koyi kiɗa a irin wannan akwati, ran da aka zaunar da shi gaban fiyano na ainihi, sai ya ji madannan sun yi masa nauyi, sautin kuma ya ƙi bin umurninsa. Laifin ba nasa ba ne, na abin da ya koya da shi ne. Saboda haka makarantar da za ta zuba kuɗi ta sayi fiyanon lantarki irin na dandali, ya kamata ta san abin da ke ƙarƙashin madannai tun kafin a yi ciniki.

Asalin al'amarin

Wajen shekarar 1700 ne wani maƙerin kayan kiɗa mai suna Bartolomeo Cristofori ya ƙago fiyano a birnin Fulorans na ƙasar Italiya. Kayan kiɗan da ya gabace shi tsinkar tsirkiya yake yi, don haka ko an danna da ƙarfi ko a hankali, kusan amo ɗaya ake samu. Shi kuwa Cristofori sai ya sa 'yar guduma ta riƙa bugun tsirkiyar. Sunan ma daga nan ya samo asali, domin a harshensu "piano" na nufin a hankali, "forte" kuma da ƙarfi.

Fiyano na yau yana da madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, da tsirkiyoyi wajen 230. Idan yatsa ya saukar da madanni kimanin milimita 10, gudumar takan yi tafiyar da ta ninka haka kusan sau biyar. Gab da ta isa tsirkiya sai abin da ke tura ta ya zame, ta ƙarasa ita kaɗai kamar jifa, ta buga, ta dawo. Mai kiɗan kalangu ya san dalili: in ya bar gula a kan fata bayan bugu, amon mutuwa yake yi. A shekarar 1821 Sébastien Érard, mutumin Faransa, ya ƙara wata dabara wadda ta sa ana iya sake bugu tun madanni bai gama dawowa ba.

Darasin da ke nan shi ne, da zarar guduma ta tashi, makaɗi ba shi da sauran iko a kanta. Ƙarfin amo ya dogara ne ga saurin da ya jefa ta da shi.

Sifirin ko guduma?

Fiyanon lantarki ba shi da tsirkiya. Sautin fiyano na ainihi ake ɗauka a adana masa, ko kuwa kwamfutar da ke cikinsa ta lissafo shi. A ƙarƙashin kowane madanni akwai maɓallan lantarki biyu ko uku da ke haɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Na'urar takan auna ɗan lokacin da ke tsakaninsu: in gajere ne an danna da sauri, sai ta fid da amo mai ƙarfi. Tsarin MIDI, wanda kamfanoni suka amince da shi a shekarar 1983, ya kasa wannan sauri zuwa matakai 127.

To, ina bambancin yake? Akwatuna masu araha sifirin ne ke mayar da madanninsu. Ɗalibin kimiyya zai tuna dokar Hooke, cewa gwargwadon matsa sifirin, gwargwadon turjiyarsa. Watau madannin yana da sauƙi a farko, yana ƙara tauri a ƙarshe, yana kuma ture yatsa koyaushe. Fiyano na ainihi kuwa dokar Newton ta biyu yake bi: nauyi kake motsawa, kuma turjiyar da za ka ji tana ƙaruwa ne da yawan hanzarin da ka nema. Shi ya sa masu ƙira suke sa wa fiyanon lantarki mai kyau 'yan gudumomin ƙarfe, ba don su bugi kome ba, sai don yatsa ya ji yana jefa wani abu. Bugu da ƙari, sukan sa na hagu su fi na dama nauyi, kamar yadda gudumomin manyan tsirkiyoyi suka fi na ƙanana girma.

Gwaji kafin saye

Da farko, a tabbata madannai 88 ne, kuma masu guduma, domin akwai waɗanda aka ɗan ƙara wa nauyi alhali sifirin ne ke aiki. Na biyu, a kashe sauti ƙurmus a yi ta dannawa, don kunne yakan ruɗi yatsa. A saurari kwaramniya, a kuma duba ko madanni na rawa gefe da gefe. Na uku, a kunna sautin, a danna madanni ɗaya daga can ƙasa-ƙasa har zuwa iyakar ƙarfi. In amon yana hawa sannu a hankali, madalla. In tsalle yake yi, a nemi wani. Na huɗu, a maimaita bugu da sauri ba tare da an saki madanni duka ba. A nan ne mai maɓallai uku ke yi wa mai biyu fintinkau. Na biyar, a danna kusa da gindin madanni. Gajeren madanni yakan yi tauri ainun a wurin, saboda yatsa ya matso kusa da inda aka kafe shi.

A tuna kuma cewa yawancin fiyanon dandali ba su da lasifika a jikinsu, sai an saya dabam. Haka nan guduma nauyi gare ta, ba abin mamaki ba ne a ga mai kilo 20. Ba ya bukatar gyaran amo kamar na katako, wanda bushewar hunturu ke wahalarwa, amma ƙura tana shiga maɓallansa har wani madanni ya yi shiru ko ya riƙa ihu. A yi masa mayafi, a kuma haɗa shi da na'urar daidaita wuta.

Ga malaman kimiyya, ga aikin aji mai sauƙi. A ɗauko ma'aunan giram na ɗakin gwaje-gwaje, a riƙa ɗora su a bakin madanni har ya fara sauka. A fiyano na ainihi, idan an taka matakin dama, wajen giram 50 ake bukata. Ɗalibai su gwada madanni na hagu, na tsakiya da na dama, su rubuta sakamako, sa'an nan su faɗi ko sifirin ne a ciki ko guduma.